Layi ɗaya, kwamfutoci barjat: yadda intanet ɗin gida ke isar kowa

Kamfanin da ya jawo maka intanet gida bai san kwamfutoci nawa ke cikin ɗakunanka ba, kuma galibi bai damu ya sani ba. Layi ɗaya ya sayar maka, adireshi ɗaya ya ba ka. Amma bari dare ya yi ka ƙirga: kwamfutar tebur, laftof biyu, wayoyin hannu huɗu ko biyar, talabijin, wataƙila har da firinta. Kowa na jan nasa, kuma amsar kowa tana dawo masa ba ta taɓa yin ɓatan kai ta faɗa allon wani ba. Wannan abu da muka saba da shi har muka daina ganinsa, dabara ce da aka ƙago don toshe wata ɓaraka. Waɗanda suka ƙago ta da bakinsu suka ce ta wucin gadi ce, sai ga shi ta haura shekara talatin tana aiki.

Tushen maganar adireshi ne. Duk na'urar da za ta yi magana a intanet sai tana da lamba, wadda ake kira adireshin IP. Tsarin da aka rubuta a 1981, wanda ake ce wa IPv4, ya ware wa wannan lamba bit 32, wato gurabe 32 da kowanne ko sifili ne ko ɗaya. In aka buga lissafi, adireshi biliyan 4 ne da kusan miliyan 300. A lokacin kwamfutocin da ke haɗe 'yan ɗaruruwa ne, yawancinsu a jami'o'i da cibiyoyin bincike na Amurka, don haka adadin ya yi kama da rijiyar da ba za ta ƙafe ba. Ba a yi nisa cikin shekarun 1990 ba masana suka hango ƙasanta. A 1994 wasu injiniyoyi biyu, Kjeld Egevang da Paul Francis, suka fitar da bayanin dabarar sauya adireshi da aka fi sani da NAT. A shekarar kuma aka keɓe wasu rukunan lambobi uku domin amfanin cikin gida kaɗai, aka sabunta ƙa'idar a 1996. Abin da aka ji tsoro ya auku a watan Fabrairun 2011, lokacin da hukumar IANA, mai kula da rabon adireshin intanet a duniya, ta raba ragowar manyan rukunan da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar na duniya, amma mutumin da ke zaune a falo bai ji ko gezau ba, saboda wannan dabara ta riga ta shiga kowane gida.

Rukunan nan uku su ne masu farawa da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, sai masu farawa da 192.168. Duk wanda ya taɓa juya rautar gidansa, wato akwatin nan mai raba intanet ga na'urorin gida, ya duba takardar da ke manne a ƙasanta, da wuya bai ga 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ba. Maƙwabcinka ma lambar da zai gani ke nan, haka wani mutum a Jafan. Ba rikici, domin lambobin kamar lambar ɗaki ne a otal: kowane otal yana da ɗaki na 12, amma ba mai aika wasiƙa ya rubuta "ɗaki na 12" kawai ya sa ran za ta isa. Manyan hanyoyin intanet ba sa ɗaukar saƙon da aka yi wa irin wannan adireshi. Sai an sauya shi a bakin ƙofa, kuma wannan shi ne babban aikin rauta.

Littafin mai tsaron ƙofa

Mu ce kana zaune da laftof, rauta ta ba ta 192.168.1.5. Ƙanwarka tana ɗaya ɗakin da tata kwamfutar mai 192.168.1.8. Ku biyun kun buɗe Wikipedia a lokaci guda, kai kana neman tarihin wani yaƙi, ita tana neman bayanin wata cuta. Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Daddatsa shi ake yi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi bai cika wuce bait 1,500 ba, kuma a goshinsa an rubuta inda ya fito da inda ya nufa. Ban da adireshi akwai wata lamba ta biyu, mu kira ta lambar ƙofa, daga 0 zuwa 65,535. Shafukan da ke da alamar makulli ta ƙofa ta 443 ake ƙwanƙwasa musu. Kwamfutarka ita ma takan buɗe wata ƙofa tata, mu ce ta 51,000, ta tsaya nan tana jiran amsa.

Da ƙunshinka ya iso rauta, sai ta goge adireshinka na cikin gida, ta maye gurbinsa da adireshin waje da kamfani ya ba gidan, ta sa masa lambar ƙofa, sannan ta shigar a littafinta cewa ƙofa kaza ta mai 192.168.1.5 ce. Na ƙanwarka ma haka, amma da wata lambar ƙofar dabam. A wajen Wikipedia, mutum ɗaya ne ya yi tambaya biyu. Amsoshi suka dawo, rauta ta dubi lambar ƙofar da ke kan kowacce, ta duba littafi, ta miƙa wa kowa tasa. Tana yin haka sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba takan share shi daga littafin don a samu wuri.

Daga wannan littafi abubuwa da dama ke fitowa waɗanda mutane ke gani ba su san dalilinsu ba. Na farko, baƙon da ya zo daga waje ba tare da wani na ciki ya kira shi ba, rauta ba ta san wa za ta kai wa ba, sai ta yar da saƙonsa. Wannan kariya ce, ko da yake ba don ita aka yi abin ba. Tsintuwa ce aka yi. Amma ita ce kuma ke hana ka ganin kyamarar gidanka in ka yi tafiya, ko ka buɗe wa abokai wasan kwamfuta daga ɗakinka, sai ka shiga saitin rauta ka rubuta da hannunka cewa duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa kaza a kai shi wurin na'ura kaza. Na biyu, tunda duniya mutum ɗaya take ganin gidan, laifin ɗaya yakan shafi kowa. In kwamfutar yaro ta kamu da muguwar manhaja tana watsa saƙonnin banza, shafin da ya toshe ta gidan gaba ɗaya ya toshe, sai ka ga ana ta sa uban gidan ya tabbatar cewa shi mutum ne ba inji ba.

Kamfanonin wayar salula sun ɗauki dabarar sun ƙara mata hawa. Da yawansu ba sa ma ba gida adireshin waje nasa na kansa. Gidaje da yawa suke tarawa a bayan adireshi ɗaya, su ajiye nasu babban littafin. A 2012 aka ware musu rukunin da ke farawa daga 100.64 zuwa 100.127 don wannan aiki. In ka shiga shafin rautarka ka ga adireshinta na waje yana cikin wannan rukuni, ko yana farawa da 10, to kada ka wahalar da kanka da buɗe ƙofa ga kyamara. Ƙofar da ke gaban taka ba a hannunka makullinta yake ba.

Akwati ɗaya, ma'aikata biyar

Abin da muke kira rauta a gida ma'aikata da yawa ne a riga ɗaya. Akwai modem, mai fassara siginar layin kamfani, ko ta wayar tarho ta zo, ko ta zaren gilashi, ko ta hasumiyar salula. Akwai rautar kanta mai littafi. Akwai mai raba kebul, wato ramukan nan huɗu da ke jere a baya. Akwai rediyon Wi-Fi. Sai mai raba lambobi, wanda ake kira DHCP, da ke ba kowace sabuwar na'ura adireshi na aro, ya gaya mata ta inda ake fita, ya kuma nuna mata wanda za ta riƙa tambaya in tana son juya sunan shafi ya koma lamba. A da kowanne akwatinsa dabam, wasu ma babu su a gidaje sam. Mai kwamfuta biyu a ƙarshen shekarun 1990 sai ya mai da ɗaya mai tsaron ƙofa: ita ke buga layin tarho, ɗayar ta bi ta cikinta. Microsoft ya sa wannan tsari a Windows 98 bugu na biyu a 1999, kuma har yau yana nan. Wanda ya kunna shi a Windows na zamani zai ga kwamfutarsa ta ɗauki 192.168.137.1. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: uwar ta kashe, 'ya'ya sun mutu. Wayar hannu in ka kunna mata hotsifot, aikin nan dai take yi, da littafinta da mai raba lambobinta.

Sanin ma'aikatan nan dabam-dabam shi ke rage wa mutum kame-kame ranar da abu ya lalace. Kwamfuta ta nuna ta haɗu da Wi-Fi amma ba intanet? Duba adireshinta. In ya fara da 169.254, ita ta raɗa wa kanta don ta nemi mai raba lambobi ba ta same shi ba, ke nan matsalar tana cikin gida, kamfani ba ruwansa. In adireshin lafiya lau ne, shafin rauta ma yana buɗewa, amma ba abin da ke zuwa daga waje a kowace na'ura, to a dubi modem da layi. In kuwa ɗaya ce kawai ke ciwo sauran suna aiki, a bar rauta ta huta, a binciki mai ciwon.

Inda aka fi yin kwaɓa shi ne ranar da aka sayo rauta ta biyu don sigina ta kai ɗakin baya. Hanya biyu ake jona ta, kuma kowacce da tarkonta. In ka cusa kebul ɗin a raminta na shigowa, wanda galibi launinsa dabam ne, ka yi gida a cikin gida: masu tsaron ƙofa biyu, littafi biyu. Shiga shafuka zai yi aiki, amma kwamfutar da ke kan rauta ta farko ba za ta ga firintar da ke bayan ta biyu ba, wasu wasannin da kiran murya kuma su riƙa tangal-tangal. In kuma ka cusa shi a ɗaya daga ramuka huɗun nan ba ka kashe mai raba lambobinta ba, ka naɗa sarki biyu a gari ɗaya. Kowace na'ura ta shigo, wanda ya riga amsa mata shi take bi, kuma wadda ta bi na biyun za a nuna mata ƙofar da ba ta fita ko'ina. Irin wannan ciwo ne mai sa mutum ya fara zargin aljanu, don yau wayarka ce ba ta yi, gobe ta warke da kanta laftof ta kama. Maganin bai da tsada: a kashe DHCP a rauta ta biyu, a ba ta adireshin da bai yi karo da na farko ba, a jona ta ta ramukan cikin gida. Rautoci da yawa yanzu suna da zaɓi guda a saitinsu da ke mai da su rediyo zalla, ya yi maka duk wannan.

Ba yanka ake yi ba, layi ake bi

A nan ne nake ganin mafi yawan mutane suka ɗauki abin a baibai. Ana zaton in ka sayi megabit 20 kuma na'urori goma ke gidan, kowacce ta samu biyu. Rauta ba ta yanka komai. Ƙunshi ɗaya ne ke wucewa ta layin a kowane lokaci, sauran suna jira a bayansa, sai dai saurin wucewar ya sa ba a ganin jiran. Wayoyi tara da ke ajiye ba a taɓa su ba kusan ba sa cin komai, ta goman tana iya kwashe ashirin ɗin duka. Mai karanta labari yakan ja shafi cikin daƙiƙa biyu ya yi minti uku yana karatu, layin yana zaune. Don haka tambayar da ta dace ita ce su wa ke ja a lokaci guda, kuma me suke ja.

A gyara wani ruɗani tukuna. Kamfani da megabit yake sayarwa, kwamfuta kuma da megabait take nuna saurin saukewa, kuma bit takwas ne bait ɗaya. Layin megabit 20 iyakarsa megabait biyu da rabi a daƙiƙa. Fayil mai gigabait ɗaya zai ci kusan minti bakwai in ba mai damun ka. Wanda ya ga 2.4 a allonsa ba cutarsa aka yi ba. Bidiyo mai kyan gani yana neman kimanin megabit 5, ke nan mutum uku suna iya kallon abu uku dabam a kan layin nan a zauna lafiya.

To me ya sa wani lokaci gida kan tsaya cik alhali mutum ɗaya ne ke wani abu? Sau da yawa amsar tana ɓangaren da ba a tallatawa, wato hanyar fita. A layuka da dama hanyar aikawa ta fi ta saukewa ƙunci nesa ba kusa ba. Kuma saukewa kanta tana buƙatar aikawa: duk 'yan ƙunshin da suka iso, kwamfutarka sai ta mayar da ɗan gajeren saƙo cewa sun iso, a ƙaro. Yanzu wani ya dawo daga tafiya, wayarsa ta ji Wi-Fi, ta fara kwashe hotuna da bidiyo ɗari uku tana ɗorawa ma'ajiyar intanet. Hanyar fita ta cika. Modem kuma yana da ɗan ɗakin jira inda yake tara ƙunshin da ba su samu wucewa ba, kuma masu ƙera na'urori sun daɗe suna faɗaɗa ɗakin nan da zaton alheri suke yi. Mu ce ɗakin yana ɗaukar kilobait 256, hanyar fita kuma megabit ɗaya ce. Duk sabon ƙunshin da ya zo, ko muryarka ce a tsakiyar kira, ko 'yar amsar nan ta "sun iso", sai ya yi kusan daƙiƙa biyu a bayan hotunan wani. Kira ya kakkatse, shafi ya ƙi buɗewa, ka gwada saurin layi daga baya ka ga ba abin da ya same shi.

Wani injiniya mai suna Jim Gettys ne ya fito da wannan matsala fili a 2010, bayan ya yi ta fama da ita a gidansa. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka gabatar da wata dabara mai suna CoDel, wadda ke auna tsawon lokacin da ƙunshi ya yi yana jira, ta riƙa zubar da kaɗan da gangan don mai turowa ya rage gudu. Aka haɗa ta da wata dabarar da ke buɗe wa kowace hira nata layin, ana ɗauka ɗaya nan ɗaya can, ta yadda ƙaramin saƙo ba ya tsayawa a bayan babban kaya. Rautocin da ke da wannan tsari sukan kira shi SQM, kuma manhajar OpenWrt da ake ɗora wa rautoci tana da shi. Sharaɗinsa yana da ban mamaki: sai ka gaya wa rauta cewa layinka bai kai yadda yake ba, ka rage kamar kashi 10 cikin ɗari, don cunkoson ya dawo hannunta inda take iya tsara shi, ya bar modem inda ba mai tsari. Ni dai a ganina, gidan da ke da mutum biyar da layi matsakaici ya fi cin ribar wannan saiti a kan ninka kuɗin wata. Gargaɗi ɗaya: a layin salula da saurinsa ke hawa da sauka kowace sa'a, da wuya a samu lambar da za a tsayar.

Iska ita ma layi ce, kuma tata ta fi tsanani. A tasha ɗaya ta Wi-Fi, a ƙa'ida mai magana ɗaya ne a lokaci guda. Kowace na'ura sai ta saurara ta ji shiru kafin ta buɗe baki. Abin da ake rabawa a nan lokaci ne. Laftof da ke kusa da rauta tana iya magana da megabit 200, wayar da ke bayan bango uku ta sauko zuwa 10, ke nan kaya iri ɗaya zai ci mata lokaci ninki ashirin, kuma duk tsawon lokacin sauran suna tsaye. Na'ura ɗaya mai raunin sigina takan ja gidan duka baya. Sababbin tsare-tsare, musamman Wi-Fi 6 da ya fito a 2019, sun rage wannan ta hanyar yi wa na'urori da dama hidima a tashi ɗaya, amma sai in na'urorin su ma sun iya.

Sannan ba ku kaɗai ke cikin iskar ba. Zangon gigahaz 2.4, wanda ke ratsa bango ya yi nisa, tashoshi uku ne kawai a cikinsa da ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Rautocin maƙwabta suna nan, Bluetooth yana nan, har na'urar ɗumama abinci ta maikurowef a nan kusa take aiki. Zangon gigahaz 5 ya fi faɗi da sauri da ƙarancin hayaniya, sai dai bango yana cin sa. Inda aka ajiye rauta ya fi yawan eriyoyinta tasiri. A tsakiyar gida, a sama, a fili; ba a ƙasa bayan talabijin ba, ba cikin kabad na ƙarfe ba. Ƙaramar na'urar nan da ake cusawa a soket don ƙara nisan sigina, in rediyo ɗaya gare ta, sai ta ji sannan ta maimaita a zango guda, don haka kusan rabin sauri ke tafiya. Kuma in ka kai ta ɗakin da sigina ta riga ta mutu, gawa za ta riƙa maimaitawa. A tsakiyar hanya ake sa ta.

Shi ya sa har yanzu ban ga abin da ya kai kebul ba. Ethernet, tsarin haɗa kwamfutoci da kebul, wanda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka fara a cibiyar binciken Xerox a 1973, yau yana ɗaukar gigabit ɗaya a kan kebul na Cat5e har tsawon mita 100, kowace kwamfuta da hanyarta, zuwa da dawowa a lokaci guda. Duk abin da ba ya motsi, kamar kwamfutar tebur da talabijin, in aka sa masa kebul an yi riba biyu: shi ya samu natsuwa, iska kuma ta ragu wa masu yawo. In ramuka huɗu sun kasa, ƙaramin akwatin raba kebul mai rami takwas ya wadatar, ba ya buƙatar saiti. Abin lura guda: zare takwas ne a cikin kebul ɗin, gigabit yana buƙatar dukkansu, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Na taɓa yin kwana biyu ina zargin kamfani da rage mini sauri, ashe zare ɗaya ne ya saki a bakin kebul, kwamfutar ta koma 100 shiru ba ta ce uffan ba.

Wanda intanet ɗinsa na ƙidaya ne, mai ƙarewa, yana da wani abin dubawa. Waya ta san bambancin datar layinta da Wi-Fi, takan yi tsimi a kan na farko ta saki jiki a kan na biyu. Kwamfuta ma in ta ga Wi-Fi ɗauka take yi teku ce, ta fara sauke sabunta manhaja mai gigabait da yawa. Kwamfutoci uku su yi haka a dare ɗaya, da safe a yi ta neman ɓarawo. Windows da Android duk suna da wurin da ake shaida musu cewa wannan haɗin na ƙidaya ne, sai dai a kowace na'ura sai an bi an saita.

Wanda ka ba kalmar sirri

Ba wa mutum kalmar sirrin Wi-Fi shigo da shi tsakar gida ne. Kariyar nan ta bakin ƙofa na waje take tarewa. Na'urorin ciki suna ganin juna. Laftof ɗin baƙo, in tana ɗauke da cuta, tana iya lalube firinta da kyamara da duk fayil ɗin da aka bari a buɗe. Yawancin rautoci suna iya buɗe Wi-Fi na biyu na baƙi, mai kai mutum intanet kawai ba tare da ya ga kowa ba. Nan ya kamata baƙi su sauka, har da ƙananan na'urori masu arha irin su ƙwan lantarki da soket masu haɗuwa da intanet, waɗanda ba a san ranar da aka yi musu gyaran tsaro na ƙarshe ba.

Kalmomin sirri kuma biyu ne, ana yawan manta ɗaya. Akwai ta shiga Wi-Fi, akwai ta shiga saitin rautar kanta, wadda sau da yawa ake bari yadda ta zo daga masana'anta. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci ta hanyar gwada 'yan kalmomin masana'anta kusan sittin kawai, aka yi amfani da su a watan Oktoba na shekarar aka kai wa kamfanin Dyn, mai juya sunayen shafuka su koma lamba, hari, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da yawa na sa'o'i. Wajen kulle iska kuwa, tsohon tsarin WEP tun 2001 masana suka nuna yadda ake fasa shi. WPA2 na 2004 ko WPA3 na 2018 su ne abin zaɓa. Tsarin WPS mai lamba takwas, wanda aka yi don sauƙaƙa haɗawa, a ƙarshen 2011 aka gano gwaji kusan 11,000 ya isa a cinko lambar, don haka kashe shi ya fi. Tambayar da ake yawan yi a gidan haya ita ce ko mai rauta yana ganin abin da kowa ke yi. Yana iya ganin sunayen shafukan da aka ziyarta da yawan abin da aka ja. Abin da ke cikin shafi mai makulli, kamar saƙo ko kalmar sirri, a rufe yake wuce shi.

Maganin asali na ƙarancin adireshi an daɗe da rubuta shi. IPv6, wanda aka fitar da cikakken tsarinsa a 1998, bit 128 gare shi, adadin da in za a rubuta shi sai an sa 340 a jera masa sifili 36. A ranar 6 ga Yunin 2012 manyan kamfanoni irin su Google da Facebook suka kunna shi dindindin. A gidan da kamfani ya kawo shi, kowace na'ura tana samun adireshinta na duniya, ba sauyi a bakin ƙofa, ba littafi. Kariyar da a da aka tsinta yanzu sai an gina ta da niyya, wato rauta ta riƙa tare duk baƙon da ba a kira ba. Galibinsu da haka suke zuwa, amma ya cancanci a leƙa saiti a tabbatar. Tsofaffin shafuka da na'urori da yawa har yanzu IPv4 kaɗai suka sani, shi ya sa gidajen da suka samu sabon suke tafiya da duka biyun. Mai son gani da idonsa ya ɗauki kwamfutoci biyu a gida ɗaya, ya buɗe ɗaya daga shafukan nan masu nuna wa mutum adireshinsa. Lambar IPv4 za ta fito iri ɗaya a allon biyun. In akwai wata doguwa a ƙasanta mai haruffa da ɗigo bibbiyu, farkonta zai yi daidai a kwamfutocin biyu, ƙarshenta kuwa kowacce da nata.